Awaki Uku a Gurbi Ɗaya

"Mama, a ina kika ɓoye sauran awakin biyu?"

Karima ce ta yi mini wannan tambaya, 'yata, shekararta shida. Kuma ba ta tashi yin ta ba sai da ta ga surukata ta zauna a kan tabarma, maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ni kuma hannuna dumu-dumu cikin ƙullun waina.

Na ce, "Waɗanne awaki?"

"Waɗanda kika sata. An rubuta a bangon injin niƙa. 'Yan ajinmu idan na wuce sai su ce meee."

Maƙwabciyar ta fasa aron rariyar. Surukata ta shiga gyara bakin tabarma kamar yau ta fara ganinta. Ni kuwa na wanke hannu, na ja mayafi, na nufi injin niƙa da sauran ƙullu a gwiwar hannuna.

Ga yadda abin ya faro. Ranar Litinin wata ƙungiya daga Kaduna ta kawo wa ƙungiyarmu ta mata masu kiwo a Gayam ta Birnin Gwari awaki arba'in, kowace mace ɗaya, bisa sharaɗin idan ta haihu za a miƙa 'yar farko ga wata. Sharaɗi na biyu, shugabanninmu ba sa cikin rabon farko, sai awakin sun haihu. Kowace akuya da 'yar roba rawaya a kunne mai ɗauke da lamba. Jami'in da suka turo, Malam Abdulfattah, ya shige wani aji na firamare da kwamfutarsa ya rufe ƙofa saboda hayaniya. Katunanmu na ɗan ƙasa ake tarawa a faranti, kowane da 'yar takardar lambar waya, a miƙa masa ta taga, ya rubuta, ya mayar da katin da lambar akuya. Fuskar ko mutum ɗaya bai gani ba. Ni da hantsi na karɓi tawa, ja mai farin goshi, lamba goma sha huɗu, na ja ta gida don na bar wake a wuta.

Yau Laraba takardar rabon ta iso hannun wani direba, aka liƙa ta. Suna a hagu, lambar akuya a dama. Kowa lamba ɗaya. Sai a tsakiya, layi na ashirin da ɗaya:

Ladi Tanko: 14, 27, 33.

Ni ce Ladi Tanko. A ƙasan takardar an rubuta: mata talatin da takwas, awaki arba'in. Matan da ke jiran niƙa suka zuba mini ido, har mai injin ya kashe shi don kada wani abu ya wuce shi.

* * *

Daga nan gidan shugabarmu na wuce, Hajiya Juwairiyya. Na tuɓe silifas ɗina kusa da takalmanta masu tsini da ke jere a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe ta.

"Ladi," ta ce, tana kallon carbinta, "ni ban ce kin ɗauka ba. Takarda ce ta ce."

"Hajiya, ki aika a duba gidana. Ɗaya ce."

"Yanzu ɗaya ce. Ran Litinin fa? Yau kwana biyu, 'yar nan. Akuya ba gini ba ce, tafiya take yi." Ta yi ajiyar zuciya. "Akwai bayin Allah biyu da aka danne musu rabo. Tun safe mata goma sha ɗaya suka zo nan, kowace ta rantse ita ce ɗaya daga cikin biyun."

Ba wanda zai iya ƙaryata su, domin rabin sunayen da ke takardar na kati ne, ba wanda ya san su. Wa zai tuna sunan yankan matar da aka shekara ashirin ana ce mata Maman wane ko Gwoggo?

Hajiya ta yanke hukunci. Ranar Asabar bayan la'asar akwai taro. Ko in kawo awaki biyu, ko a karɓe ɗayar da ke hannuna, a soke sunana, a faɗi dalili a gaban kowa.

Na hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis, na kira Malam Abdulfattah. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, kwamfuta ba ta da dangi a Gayam. Abin da aka ba ta shi take faɗi." Sabis ya ɗauke.

Baban Karima ya dawo daga gona ya ji labari, ya ce zai sayar da masara ya sayo awaki biyu a ba su a huta. Na ce masa in ya yi haka ya sa hannu ke nan a kan cewa matarsa ɓarauniya ce, kuma Karima za ta girma da wannan suna har ranar aurenta. Akuyar ba ita ce damuwata ba. Yarinyar da ta ce mini gobe cikinta zai yi ciwo ba za ta iya zuwa makaranta ba, tun yau ta san zai yi, ita ce damuwata.

* * *

Baba Abarshi tsohon maharbi ne, abokin marigayi mahaifina. Tun da daji ya zama abin da ya zama ya rataye bindiga, ya koma bin sawun abin da ya ɓata a gefen gari, jaki ko tunkiya ko babur. Bai san fuskar kowa ba a Gayam, domin kansa kullum a ƙasa yake, amma ya san ƙafar kowa. Da safiyar Alhamis na same shi yana gyaran tarkon ɓera.

Bai ɗago ba ya ce, "Silifas ɗin Ladi, na hagu ya fi cinyewa. Lafiya, 'yata?"

Na ba shi labari. Ya ce bai taɓa bin sawun takarda ba, amma akuya akuya ce.

Gidana ya fara zuwa. Ya zagaya turke, ya tsuguna ya murza kashin akuya tsakanin yatsunsa, ya leƙa bayan rumbu, har ɗakin girki sai da ya shiga, surukata tana bin shi da harara.

"Akuya ɗaya ce ta kwana a gidan nan tun Litinin," ya ce. "Kuma ki rage mata dusa."

"To Baba, ka faɗa musu mana!"

"Za su ce ba ki kawo biyun gida ba. Mu je inda aka raba."

Bayan firamare aka kafa shingen ranar rabon. Baba ya tuna mini da abin da na manta: ranar Litinin an yi ruwa da la'asar, tun daga nan kuma ba a sake ba. Duk sawun safe da na rana ruwa ya wanke. Waɗanda suka fita bayan ruwan kuwa, taɓo ya riƙe sawunsu, rana ta gasa shi kamar tukunya. Ya daɗe a tsugune a wani lungu na bayan shingen, ba ta ƙofar da kowa ya bi ba. Na ga ya karyi tsinke ya zura a ƙasa, ya ciro, ya datse shi da haƙori, ya soke a hularsa.

"Me ka gani, Baba?"

"Yunwa nake ji," ya ce.

* * *

Ba don yunwar kaɗai muka je wurin Abdulsamad mai tsire ba. Tun jiya magana ta zaga gari cewa ranar Talata teburinsa ya cika da nama fiye da kullum, kuma an ga na bi ta gabansa. Hanyar rijiya ce, kowa ta nan yake bi, amma ni aka gani.

Abdulsamad na ganinmu ya ajiye wuƙa. "Baba, in don awakin nan ne, ni naman da nake gasawa ba ya zuwa da lamba."

"Ina kawunan?"

"Wane kawuna?"

"Ka yanka dabba biyu ran Talata. Ko ba su da kai?"

Ya shiga bayan rumfa yana gunaguni, ya fito da wata tsohuwar roba. Kai ɗaya ya rage, ɗayan matarsa ta yi farfesu. Baba ya ɗaga kunnen wanda ya rage, ya duba gaba da baya. Ba huji. Ga ƙaho kuma murɗaɗɗe.

"Wannan ai rago ne," na ce.

"Tun ɗazu nake so in faɗa, ba ku bar ni ba! Na sunan ɗan ƙanena ne, ragowar na kawo nan."

"Na farfesun fa?"

"Baba, sai dai ka bi sawunsa cikin yarana bakwai."

Baba ya ɗauki tsinken tsire ɗaya ya ci a tsanake, ya ce bincike ne. Ya ɗauki na biyu ya ce tabbatarwa. Abdulsamad ya ga in bai ba da wani abu ba tebur zai ƙare, sai ya rage murya. Ya ce jiya da sassafe ya ga akuya mai rawayar roba a kunne ta fito ita kaɗai daga hanyar daji tana jan igiya, can kuma wata mace ta biyo ta da gudu ta kama ta suka koma. Bai ga fuskar matar ba.

Wasu mata biyu da suka tsaya kamar masu sayen tsire, ba su sayi komai ba, suka kalli juna. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa na sayar wa mutanen daji awaki biyu, har an san abin da suka ba ni.

* * *

Duk wanda ya zauna a Birnin Gwari ya san abin da ake nufi idan aka ce hanyar daji. Da safiyar Juma'a na yi wa Karima wanka, na nuna wa surukata inda maganin tarinta yake da cokalin da ake aunawa, na ce kada a ba ta ruwan randar waje. Surukata ta ce, "Makka za ki?"

Baba yana gaba, kai a ƙasa. Ya ce sabuwar akuya ba ta yarda da sabon gida, sai ta tsinke ta koma inda ta rabu da 'yan'uwanta, don haka sawun da muke bi na shekaranjiya ne, ba na Litinin ba. Ya nuna mini inda igiya ta ja layi a ƙasa, da ganyen kargo da aka gutsura, da wani wuri da ya ce mace ta faɗi a nan ta tashi ta zagi akuya. Na ce yaya aka yi ya san ta yi zagi. Ya ce duk wanda ya faɗi haka sai ya yi.

Muka wuce gonakin masara, muka tsallake wani ƙaramin rafi. Itatuwa suka fara haɗe kai. Ba mu ƙara haɗuwa da kowa ba. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko.

Sai ciyawa ta motsa a gabanmu, da ƙarfi, abu na tahowa.

Ban san lokacin da na kwanta rub da ciki ba. Baba, maharbin da aka ce ya taɓa kallon ɓauna ido da ido, na ga ƙafafunsa a bayan wata kaɗanya. Abin ya faso ciyawa ya tsaya a kaina yana huci. Na buɗe ido ɗaya. Baƙar akuya ce, tana taunar gefen mayafina, a kunnenta rawayar roba: 27.

Bayanta wata mace ta fito da muciya a hannu tana haki. "Yau sai na karya ki! Sau huɗu ke nan!" Ta gan ni a ƙasa. "A'a! Maman Karima? Me kike nema a nan?"

Maman Miracle ce. Mutanen kudancin Kaduna ne, ita da mijinta sun fi shekara goma suna noma a wannan gefen. 'Yar ƙungiyarmu ce, amma sai ta yi wata ba ta shigo gari ba.

Baba ya fito daga bayan kaɗanya yana cewa dama sawu yake dubawa a can.

Na tashi na kakkaɓe jiki. "Maman Miracle, wa ya ba ki akuyar nan?"

"Wane irin wa ya ba ni? Ba tare muka miƙa kati ba? Da rana tsaka na karɓa. Da na san halinta da na bar musu abarsu."

"Sunanki ba ya cikin takarda."

"Ƙarya ne! Da katina na karɓa."

Ta ja mu har gida, ta zaro katin daga cikin Littafi Mai Tsarki inda take ajiye shi, ta miƙo mini. Ga hotonta, ta zare ido kamar an tsorata ta. A ƙasa an rubuta: Ladi Tanko.

Na zauna a kan turmi.

"Ran Lahadi aka haife ni," ta ce, "saura kaɗan a cikin coci. Babana kuma bayan mata biyar ya zo, me za a ce masa in ba Tanko ba? Me ya faru?"

Na ce nawa uban bayan mata huɗu ya zo. Ta dube ni, na dube ta. Da ta gama jin labarin sai da ta riƙe ciki don dariya, sannan ta fusata, ta ce gobe da ita da akuyar za su zo taro ko da a kai za ta ɗauko ta. Tun daga ranar ba ta sake kirana Maman Karima ba, sai Takwara.

A hanyar dawowa na ce wa Baba, ashe akwai Ladi Tanko ta uku, gida-gida zan bi in tambaya.

"Wannan ba ta san da takarda ba, shi ya sa ta yi shiru," ya ce. "Ta ukun a cikin gari take, ta ga takarda, ta ga ana jifanki, ta yi shiru. Wadda ta yi haka ba za ta amsa sallama ba. Ki sa mai kwamfutar nan ya zo da injinsa."

Na sake hawa tudu. Na ce wa Malam Abdulfattah in bai zo da kwamfutar nan gobe ba, zan shiga mota da akuya biyu da muciya in same shi a ofis gaban manyansa. Ya ce dama zai zo.

* * *

Ranar Asabar ajin ya cika, manyan mata a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Mata goma sha ɗayan nan da aka danne wa rabo suna layin gaba. Abdulsamad ya leƙo ta taga, wai ya zo wanke sunansa. Hajiya Juwairiyya tana kan kujerar malami, jakarta a cinya. Malam Abdulfattah ya buɗe kwamfuta a kan tebur yana share gumi, don Maman Miracle ta ɗaure akuyarta a ƙafar teburin.

Hajiya ta buɗe taro da addu'a, ta ce, "Ladi, na ga kin kawo ɗaya. Saura ɗaya."

Maman Miracle ta miƙe ta ɗaga katinta. Aka karanta. Aji ya kaure. Hajiya ta buga tebur ta ce to, an ji, wannan kuskure ne, amma har yanzu lamba talatin da uku tana wuyan ɗayanmu, mu biyun mu sasanta.

Baba Abarshi yana tsugune a bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya, yana kallon takalman jami'in. "Ɗan nan, yaya aka yi lamba uku ta shiga gida ɗaya?"

Malam Abdulfattah ya gyara zama, an zo fagensa. Ya ce a rumbun bayanai kowace akuya da layinta, layi arba'in, kowane da suna da lambar kati da waya da lokacin da aka karɓa. Manyansa suka ce ba sa son doguwar takarda. Sai ya ba kwamfuta umarni ta tattara layukan bisa suna, duk inda suna ya zo iri ɗaya ta haɗe su, ta jera lambobin awakin a gurbi guda da waƙafi a tsakani. "Aikin da zai ci mini yini, ƙiftawar ido ta yi shi," ya ce, yana kallonmu ko za a tafa.

"Ta san fuska?" in ji Baba.

"Ba ta buƙatar fuska."

"Ta san ƙafa?"

"Baba, kwamfuta ce."

"To. Idan awaki uku suka bi siririyar hanya, ta baya tana taka sawun ta gaba, wanda bai iya ba zai ce ɗaya ce mai nauyi. Ni baya nake komawa, har inda hanyoyin suka haɗu. Injinka yana komawa baya?"

Malam Abdulfattah ya juya ga kwamfutar. Ya danna wasu 'yan abubuwa, ya goge wani layi na umarninsa, ya kafa wa allon ido. Na ga kunnuwansa sun yi wani iri. Ya juyo da kwamfutar a hankali.

Layi uku ne, ɗaya bisa ɗaya. Ladi Tanko, Ladi Tanko, Ladi Tanko. Lambar kati uku, ba wadda ta yi kama da wata. Ta farko ƙarfe tara da kwata, ta biyu sha biyu da rabi, ta uku biyar saura.

"Bisa lambar kati ya kamata in tattara," ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa. "Ba bisa suna ba."

"Biyar saura," in ji Baba, "an gama ruwa ke nan." Ya zare tsinken nan daga hularsa ya ɗaga. "Akuya ɗaya ba ta fita ta ƙofa ba, ta bayan shinge aka ja ta. Kusa da sawunta akwai ramuka a jere, ƙanana, zurfinsu wannan tsinke. Na ce ko wani ne ya shuka gyaɗa, amma ba a shuka gyaɗa hagu da dama, hagu da dama, har bakin titi. Dunduniya ce. Shekara sittin ina kallon ƙasar Gayam, mace ɗaya ce ke shiga taɓo da irin wannan takalmi."

Bai ambaci suna ba, bai ma ɗago kai ba. Amma mata arba'in suka sunkuya a tare suna duba ƙafafun juna: silifas, silifas, takalmin roba, silifas. Idanu suka yi ta tafiya har gaban aji. Hajiya ta ja ƙafafunta ƙarƙashin kujera ta saki zani ya rufe su.

"Takalmi ai kasuwa ake sayar da shi," ta ce. "Ni sunana Juwairiyya, kowa ya sani."

Malam Abdulfattah bai lura da komai ba, kansa na cikin kwamfuta, yana neman hanyar gyara kuskurensa. "Ba damuwa," ya ce, "ga lambar wayar ta ukun nan. Bari in kira ta ta zo da kanta."

Ya danna. Aji ya yi shiru har ana jin akuyar Maman Miracle na taunar takarda.

Sai jakar Hajiya ta fara ruri. Ƙaramar wayarta ce mai tocila, wadda ko injin niƙa ba ya danne ƙararta. Hajiya ta danne jakar da hannu biyu. Wayar ta ci gaba. Ta ɗora mayafi a kai. Ta ci gaba.

Maman Miracle ta leƙo da kai, cikin ladabi ta ce, "Takwara, ɗauki mana."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wata tsohuwa sai da aka fitar da ita waje aka ba ta ruwa. Abdulsamad ya faɗo daga taga.

Da ƙura ta lafa Hajiya ta ce ita ba ɗauka ta yi ba, ajiye wa ƙungiya ta yi, ta ga ruwa zai taɓa baiwar Allah. Aka ce ina take? Ta ce tana Tsohon Birnin Gwari gidan ƙanwarta, can ruwan bai kai ba. Aka ce katin fa? Ta ce sunan nan ta bar shi tun shekarar da ta sauke farali, masu yin kati ne suka tono shi daga tsohuwar takarda, kuma duk wadda ta kira ta da shi ba ta yafe ba. Na lura maganar akuyar ba ta yi mata zafi kamar wannan ba.

Ni ban yi dariya sosai ba. Na miƙe na ce ina da magana.

"Hajiya, kin girme ni, ba zan faɗa miki baƙa ba. Amma kin san lambar nan taki ce tun ran Laraba, kika bar yarinya 'yar shekara shida ta ɗauka miki. Wannan ke da Allah." Na juya ga jami'in. "Kai kuma Malam, ba za ka shiga mota ba sai ka rubuta sabuwar takarda. Layi uku, kowace Ladi da nata, da unguwarta. Kwafi biyu."

Ya ce babu injin bugawa a nan. Na ce akwai biro. Ya zauna a bencin 'yan aji biyu ya rubuta layi arba'in da hannunsa, sau biyu, ya sa hannu, Maman Miracle tana tsaye a kansa. Ɗaya na liƙa a bangon injin niƙa bisa tsohuwar. Ɗayar na kai wa malamar su Karima ranar Litinin, na tsaya a bakin ƙofa har ta karanta wa aji layuka ukun da ƙarfi. Karima ta shiga ta zauna a wurinta, ba ta waiwayo ni ba.

Lamba talatin da uku ta dawo a kan babur ranar Talata. Da aka bi mata goma sha ɗayan nan gida-gida, kowace an tarar da akuya mai rawayar roba a turkenta, sai aka ba da akuyar ga wata da ba ta taɓa buɗe baki ba. Hajiya ta ce dama ta gaji da shugabanci.

Yanzu ke da kike karanta wannan, ki saurare ni da kyau. Duk ranar da aka ce ki miƙa kati a shigar da ke kwamfuta, rabon taki ne ko rigakafi ko rajistar makarantar ɗanki, kada ki miƙa ta taga ki juya. Ki tsaya ki tambayi mai rubutun da me zai bambanta ki da wata, kuma kada ki tafi sai ya nuna miki. Kai kuma mai kwamfuta, kafin ka haɗe layukan mutane a gurbi ɗaya don takarda ta yi gajarta, ka buɗe su ka duba ɗaya bayan ɗaya. Wallahi akwai wata mai sunanki da sunan ubanki a ƙauyen da ke gaba, kuma ba ki san abin da take shirin karɓa gobe ba.